Kafin ki sake zuba rini a kanki, ki san gulos

Duk wadda ta taɓa rina gashi ta san yadda abin yake tafiya. Sati biyun farko kala na nan raɗau, gashi na ɗaukar ido, ke kanki in kin wuce ta gaban madubi sai kin ɗan tsaya, to daga sati na uku zuwa na huɗu sai ki ga abu ya fara canzawa, ruwan ƙasan nan mai kyau ya fara ja-ja, wadda ta yi ruwan zuma nata ya koma ruwan ɗorawa, mai ja kuwa ba a magana, nata ne yake fara gudu. Kuma ba kalar kaɗai ba, sheƙin ma ya tafi, in kin taɓa sai ki ji ya yi kaushi. Abin da yawancinmu ke yi a nan shi ne mu sayo wani kwalin rini mai zama dindindin mu sake zubawa tun daga gindin gashi har bakinsa, ko mu koma salun mu ce a sake mana gaba ɗaya. To wannan ɗabi'ar ce nake so mu yi magana a kanta yau, don wallahi ita ce take cinye gashin mutane da yawa a hankali ba su sani ba, alhali akwai gulos, wato abin shafawa mai sabunta kala da sheƙin gashi, da aka yi shi takanas don wannan tazarar da ke tsakanin rini da rini.

Sai mun fara duba shi kansa silin gashin kafin a gane amfanin gulos, in ba haka ba za ki ɗauka wani man shafawa ne kawai. Kowane sili yana da ɓawo a waje, siraran ɓawo ne da suka hau kan juna kamar ɓawon jikin kifi, duk sun kwanta suna kallon bakin gashi, a ƙarƙashinsu kuma akwai naman gashin, a nan ne kalar da aka haife ki da ita take zaune, a nan ne kuma ƙarfin gashin yake. In ɓawon nan ya kwanta lumui, haske in ya sauka a kai sai ya dawo miƙe, shi ne sheƙin da muke gani. In ya ɗaga ko ya gutsuttsure sai hasken ya warwatse, gashi ya yi dishi-dishi ko da kalar na nan a ciki. Shi gashi da fatar kai sun fi son yanayi mai ɗan tsami, a ma'aunin pH wajen 4.5 zuwa 5.5, a nan ne ɓawon yake kwanciya. Rini mai zama dindindin kuwa yana can wajen 9 zuwa 11, wato nesa da tsami, da gangan aka yi shi haka, amoniya ko wani sinadari ɗan uwanta yana kumbura gashin ya ɗaga ɓawon, sai haidurojin ferokzaid ɗin da ke cikin ruwan haɗi, wato ruwan da ake gauraya rinin da shi, ya shiga ya kashe wani ɓangare na kalarki ta asali, a lokaci guda kuma ƙananan ƙwayoyin rinin su haɗu su girma a ciki ta yadda ba za su fita da sauƙi ba. Kuma akwai wani siririn maiƙo da yake lulluɓe da ɓawon tun fitowarsa daga fata, ana ce masa 18-MEA, shi ke sa gashin da ba a taɓa ba ya yi santsi ruwa ya riƙa zamewa a kai, to rini da bilicin suna kankare shi kuma ba ya dawowa a wannan silin, sai dai sabon da zai tsiro.

Kin ga ke nan aikin da rini yake yi ba ƙarami ba ne, kuma a gashin da bai taɓa ganin rini ba dole sai an yi hakan kafin kala ta zauna. Amma ki yi tunani fa, gashi yana tsawo wajen santimita ɗaya ne zuwa ɗaya da kwata a wata, mai murɗe-murɗe sosai ma yakan ɗan gaza haka. Wato bayan sati shida abin da yake sabo a kanki bai wuce santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba a can gindi. Sauran tsawon duk an riga an buɗe shi, an riga an kashe masa kalar asali, ba abin da ya rage a yi masa da amoniya da ferokzaid mai ƙarfi. In kika sake zuba masa rinin dindindin, to kin sake ɗaga ɓawon da dama bai gama kwanciya ba, wata ta yi haka sau shida sau takwas a shekara, bakin gashin da ya shekara biyu ko uku a kanta ki lissafa sau nawa ya sha wannan wahalar. Shi ya sa za ki ga bakin gashi ya yi duhu fiye da gindi, ya bushe, yana tsagewa biyu yana kakkaryewa a kan mataji, kuma abin takaicin shi ne gashin da ya lalace haka ya fi saurin zubar da kala, sai mai shi ta ƙara yawan rinin don ta gyara, garin neman gira a rasa ido.

Gulos shi ba ya wannan aikin. Kala yake ɗorawa kawai, ba ya kashe wadda ke ciki. Amma sunan ya zama na kowa a kasuwa, abubuwa daban-daban ake rubuta wa gulos a jiki, to ki lura da kyau don ba ɗaya suke ba.

Akwai na salun, wanda ƙwararru ke haɗawa a kwano. Wannan rini ne mai matsakaicin zama, babu amoniya a yawancinsa, kuma ruwan haɗinsa mai rauni ne ƙwarai. Ki duba lissafin, ruwan haɗi mai lamba 10 yana da ferokzaid kashi 3 cikin ɗari, mai 20 kashi 6, mai 30 kashi 9, mai 40 kashi 12. Rinin dindindin yawanci da mai 20 ake yinsa ko sama da haka, shi kuwa gulos yawanci a ƙasa da 10 yake wasa, misali Color Touch na kamfanin Wella akwai ruwan haɗinsa mai kashi 1.9 kacal. Shades EQ na Redken wanda ya yi suna sosai a wannan fannin, mai tsami ne, ana haɗa shi ɗaya bisa ɗaya da ruwansa a bar shi minti 20 a wanke. L'Oréal ma suna da Dia Light a wannan layin. Saboda tsamin nan ba ya kumbura gashi yadda rini ke yi, kalar tana shiga ɓawo da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa ta zauna, kuma yana barin ɓawon a kwance. Irin wannan yakan kai sati huɗu zuwa shida, yana fita a hankali a hankali ba tare da ya bar layi a gindin gashi ba, wanda ni a wurina wannan babban abu ne.

Sai na gida wanda ba a haɗa shi da komai, ki buɗe ki shafa. Irin su Gloss+ na dpHUE, ko Le Color Gloss na L'Oréal Paris, ko maskin nan masu kala da Moroccanoil da Wella suke yi. Waɗannan kalarsu a shirye take tun daga kwalba, ba ta buƙatar ferokzaid, mannewa take a bayan gashi. Dalilin mannewar ma abin sha'awa ne, gashin da ya sha rini yana da cajin lantarki na nagatif a jikinsa, su kuma da yawa daga cikin kalolin nan da sinadaran laushin da ke tare da su masu fozitif ne, sai su ja juna, shi ya sa wurin da ya fi lalacewa ya fi kama kala. Wannan ba ya daɗewa kamar na salun, wanki kaɗan ya fara raguwa, sati ɗaya zuwa uku ya danganta da yawan wankinki, amma kuma kuskurensa ya fi sauƙin gyarawa, in kalar ba ta yi miki ba za ta fita. Na uku shi ne wanda ba kala a cikinsa sam, fari tas, aikinsa sheƙi kawai, yawanci tsami ne mai sauƙi irin su sitirik ko gilaikolik asid da silikon da ke cike gurbin da ɓawo ya gutsure. In kalarki na nan lafiya sheƙi ne kawai ya tafi, wannan kike buƙata, ba sai kin ƙara wata kala ba.

Yanzu ga inda nake ganin an fi ruɗewa, zaɓen kala. Mutane suna ɗaukar kwalba saboda hoton da ke jiki ya yi musu kyau, alhali tambayar farko ita ce me ya fito a gashinki da ba kya so. Gashi mai duhu in aka fara kashe masa kala ba tsalle yake yi daga baƙi zuwa fari ba, mataki-mataki yake bi, ja, sai ja mai ruwan lemu, sai ruwan lemu, sai ruwan ɗorawa, sai ɗorawa mai haske. Masu sana'ar sun jera shi daga 1 zuwa 10, 1 baƙi wuluk, 10 mafi haske. Ranar da aka yi miki rini, an ɗora wata kala a kan wannan jan ko ruwan lemun don ta danne shi, to ita ce take wankewa da lokaci, shi kuma na ƙasan yana nan daram, shi ne yake leƙowa bayan sati uku. Ba wai rinin ya lalace ba ne, abin da aka rufe ne ya fito. Kuma kowace kala tana da mai kashe ta, shunayya wato fafal tana kashe ruwan ɗorawa, shuɗi yana kashe ruwan lemu, kore yana kashe ja. To 'yar uwa in gashinki ruwan ƙasa ne da ya koma ruwan lemu kika je kika sayo shamfu ko gulos mai fafal, ba abin da zai yi miki, fafal na masu gashi mai haske ne sosai daga mataki na 8 zuwa sama, ke shuɗi kike nema. Wannan kuskuren ya yi yawa, sai a yi ta cewa kayan ba su da kyau alhali ba nasu aikin aka ba su ba.

In kuma ke ba kashe wani abu kike son yi ba, so kike ki dawo da abin da ya gudu, kamar masu ja ko ruwan tagulla ko ruwan makuba, to ki nemi gulos mai irin kalarki ki ƙara mata jini. Masu ja su ne suka fi kowa cin moriyar gulos a gaskiya, don ja ya fi kowace kala saurin dusashewa, in ba a ɗan riƙa ciyar da shi duk sati biyu ko uku ba sai ya koma wani iri. Ni shawarata kullum ita ce ki ɗauki wanda yake daidai da matakinki ko ya ɗan fi naki haske, kar ki ɗauki wanda ya fi duhu, saboda gulos ba ya iya haskaka gashi ko kaɗan, duhu kawai yake iya ƙarawa, kuma in kika yi ta ɗora mai duhu wata bayan wata zai taru, ranar da kika so komawa haske sai an sa bilicin, kin ga an koma gidan jiya. Kuma mafi sauƙi duka, ranar da kike salun ki tambayi mai yi miki gashi, don Allah wane mataki aka kai ni, wace kala aka ɗora a sama, ki rubuta a waya. Mai sana'ar kirki ba za ta ɓoye miki ba, wasu ma su za su gaya miki wanda za ki riƙa amfani da shi a gida.

Maganar furfura kuma, gulos ba ya rufe ta ruf. Yana dai rage mata farin, ta ɗauki ɗan kala ta saje da sauran, in ba ta da yawa hakan ma yana da kyau ƙwarai don sai ta fito kamar an yi ado da ita. Amma wadda rabin kanta furfura ce kuma so take ta ɓace, gindin nan sai rinin dindindin. Gindin kaɗai fa. Tsawon a bi shi da gulos.

Kafin ki shafa komai a kai akwai gwaji biyu, kuma na farkon ina roƙonki kar ki yi wasa da shi. Rinin gashi da yawa suna ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD ko ɗan uwansa PTD, kuma suna cikin abubuwan da aka fi sani da tayar da borin jiki, har ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta ayyana PPD a matsayin sinadarin bori na shekarar 2006. Kar ki ce ai gulos ne ba amoniya, rashin amoniya daban rashin PPD daban, irin wanda ake haɗawa da ruwan haɗi sau da yawa yana da waɗannan sinadaran a ciki. Borin kuma ba lallai ya zo a karon farko ba, mutum zai iya shekaru yana rini lafiya lau rana ɗaya jiki ya ƙi, fatar kai ta yi ƙuraje tana ruwa, kunne da fatar ido su kumbura, wani lokacin fuska gaba ɗaya. Shi ya sa ake cewa ki shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar gwiwar hannu ki bar shi awa 48 ki gani. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ce a rubuta gargaɗin nan a jikin kwali, har da cewa ba a yi shi don 'yan ƙasa da shekara 16 ba, da kuma cewa wanda ya taɓa yin baƙin zanen fata na wucin gadi haɗarinsa ya fi yawa, don ana zuba PPD a cikin irin wannan zanen. In kika ji ƙuna ko ƙaiƙayi mai tsanani kina cikin shafawa ki wanke nan take, in kuwa kumburi ya zo ga leɓe ko maƙogwaro ko numfashi ya fara wuya to asibiti kai tsaye ba jira. Kuma ba a sa shi a gira ko gashin ido, ba a sa shi a kan da ke da ciwo.

Gwaji na biyu na kala ne. Ki ware ɗan gashi daga ƙeya inda ba a gani, ki shafa masa, ki duba agogo, ki wanke ki busar, sai ya bushe za ki ga gaskiyar kalar don jiƙaƙƙen gashi kullum ya fi duhu. Wannan gwajin shi zai gaya miki minti nawa naki gashin ke buƙata, don abin da ke jikin kwalba na kowa da kowa ne.

Shafawar kanta ba wuya. Ki wanke kai da shamfu, in akwai tarin mai da jel a kai ki sa shamfu mai wankewa sosai, don gulos ba zai kama gashin da mai ya lulluɓe ba, sai ya fito dabbare-dabbare. Yawancinsu ba a sa kwandishina kafin su. Ki matse ruwan da tawul gashi ya zama da ɗan danshi ba yana ɗiga ba, sai dai in kwalbar ta ce a busasshe, ki bi abin da ta ce. Safar hannu dole, ki ɗan shafa Vaseline a goshi da kunne da ƙeya, ki raba kan gida huɗu ko fiye in mai cika ne, ki bi kashi-kashi ki tabbatar ko'ina ya jiƙe sannan ki taje da mataji mai manyan haƙora. Kar ki yi rowar sa, sau da yawa matsalar rashin daidaiton kala daga ƙarancin abin da aka shafa ne. Sai dai ga wata dabara da ba kowa ke faɗa ba, bakin gashi shi ya fi tsufa ya fi ramuka, yana zuƙe kala nan da nan, musamman kaloli masu sanyi irin shuɗi da toka, in kika ba shi lokaci ɗaya da sauran sai ya yi duhu ko ya yi wani ruwan toka-toka marar kyau. To ki fara daga tsakiya, bakin ki bar shi sai mintunan ƙarshe, ko ki sirka nasa da farin gulos ko da kwandishina in irin wanda ba a haɗawa ne. In lokaci ya cika ki wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi har ruwan ya fita fari. Ƙara minti ashirin a kan abin da aka ce ba ya ƙara masa daɗewa, duhu kawai yake ƙarawa.

Masu gashi mai murɗe-murɗe ina da magana da ku ta musamman. Gashi mai lanƙwasa da yawa ko yana da cikakkiyar lafiya ba ya sheƙi irin na miƙaƙƙe, saboda kowace lanƙwasa tana karya hasken, kuma man da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har baki cikin sauƙi shi ya sa yake saurin bushewa. To kar ki kalli hoton talla ki ce gulos bai yi miki aiki ba, a naki gashin abin da za ki gani shi ne kala ta yi zurfi ta cika, murɗin ya fito a tsare, taza ta yi sauƙi. Kuma gashin nan ya fi rauni a wuraren lanƙwasar, a nan yake karyewa, wato ya fi kowane irin gashi buƙatar a raba shi da rinin dindindin mai maimaituwa. Wadda kuma take sa rilaksa sai ta ƙara hattara, rilaksa tana can sama da 12 a ma'aunin pH, ta riga ta karya wasu igiyoyin cikin gashin don ya miƙe, shi ya sa ake cewa a ba da aƙalla sati biyu tsakaninta da rinin da ke da ferokzaid, kuma kamfanonin da ke haɗa rilaksa su da kansu suna gargaɗin kar a sa ta a gashin da aka yi wa bilicin. Ga mai rilaksa, gulos marar ruwan haɗi shi ne hanya mafi aminci ta samun kala.

Amma fa in faɗa miki gaskiya, gulos ba magani ba ne. Ba ya ɗinke bakin gashin da ya tsage, wannan sai almakashi. Ba ya mayar da ƙarfin da bilicin ya cinye a ciki, wannan aikin wasu kaya ne daban irin su Olaplex da ya fito a 2014 da makamantansa, su ma taimakawa suke ba mayar da gashi sabo ba. Abin da gulos ke yi shi ne ya kwantar da ɓawo na ɗan lokaci ya gyara kala, babban alherinsa kuma shi ne ɓarnar da ya hana ki yi. Kuma shi ma in aka yi masa yawa yana da nasa, na salun duk sati huɗu zuwa shida ya isa, na gida mai kala sau ɗaya a sati ko sati biyu, in kika ga gashi ya fara nauyi yana danƙo ko kala ta fara turɓunewa to ya taru, ki tsaya ki wanke da shamfu mai ƙarfi sau ɗaya ki ba shi hutu.

Sannan duk gulos ɗin da za ki sa, in ba ki rage abin da ke kwashe kalar ba wahala kawai za ki yi ta yi. Babban mai kwashe kala ruwa ne, ruwa zalla, ko ba shamfu, duk jiƙawa gashi yana ɗan kumbura ƙwayoyin kala su samu hanyar fita. Saboda haka rage yawan wanki ya fi canza shamfu tasiri, kodayake shamfu marar salfet mai sauƙi yana taimakawa, ruwan zafi sosai kuma yana ƙara saurin fitar. Masu gyaran gashi da yawa kan ce a jira kwana biyu zuwa uku bayan rini kafin wankin farko. Rana ma tana cin kala, hasken nan nata da ba a gani da ido yana farfasa ƙwayoyin rinin da na asalin duka, in za ki daɗe a rana ki rufe kai. Zafin diraya da ƙarfen miƙar da gashi shi ma haka, ki sa man kariya kafin zafi kuma ki yi ƙoƙari kar ki wuce digiri 180 a ma'aunin Celsius, wasu na'urorin suna kai wa 230 kuma a nan ne sinadarin da aka gina gashi da shi yake fara lalacewa, za ki iya ganin kala ta canza a take a gashi mai haske.

Akwai kuma wanda mutane ba sa kawowa a rai sam, irin ruwan da kike wanka da shi. In ruwan yana da kalsiyam da maganiziyam da yawa, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a ciki yana barin fari-fari a jikin famfo, to yana barin irin wannan a gashinki ma, ya dusashe sheƙi ya hana kala shiga daidai. Ƙarfe a cikin ruwa yana ja gashi zuwa ruwan lemu, tagulla kuma ita ce take sa gashi mai haske ya yi kore-kore bayan iyo, mutane suna ɗora wa kulorin laifin alhali tagullar da ke narke a ruwan ce take mannewa, kulorin nasa laifin busarwa ne da cin kala. In kina zargin ruwanki, ki nemi shamfu mai cire ma'adinai, za ki ga EDTA ko sitirik asid a jerin abin da ke ciki, ki wanke da shi kafin gulos ba bayansa ba, sau ɗaya ko biyu a wata ya wadatar. Wani lokacin bayan wannan wankin kaɗai za ki ga kalarki ta dawo, ashe tana nan an lulluɓe ta ne. Kafin shiga ruwan iyo kuma ki jiƙa gashin da ruwa mai tsabta ki shafa kwandishina, gashin da ya riga ya ƙoshi da ruwa ba ya zuƙar wani da yawa.

Akwai lokutan da bai kamata ki taɓa da kanki ba. In kalar ta fito layi-layi, gindi daban tsakiya daban baki daban, gulos ɗaya ba zai daidaita su ba don kowane wuri kalar da yake buƙata daban ce. In gashin in ya jiƙe yana miƙewa ya ƙi komawa yana tsinkewa a hannu, to ya wuce maganar kala, a fara jinyarsa tukuna. Haka in kina so ki sauko daga haske sosai zuwa duhu, sai an fara mayar masa da ja da ruwan lemun da aka cire kafin a ɗora ruwan ƙasa, in ba haka ba zai fito da kore-kore, wannan aikin mai sana'a ne. In kin je salun ɗin kuma ki faɗa da bakinki tun kafin a haɗa komai a kwano, rini a sabon tsiro kawai, sauran tsawon a bi shi da gulos, kuma ki gaya musu duk abin da kika shafa a gida tun zuwanki na baya, har da shamfu mai kala, don shi ma yana canza yadda sabon haɗin zai kama.